Zaren Awo Daga Legas

Karaye, 20 ga Nuwamba, 1992

Zuwa ga taubashina Lurwanu, a Legas.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka da ƙafafunka biyu a kan tudu, don an ce mana yanzu a cikin teku kake yini. Mu nan lafiya lau. Inna Barira, gwaggonka, tana fama da gwiwa kamar kullum, amma bakinta garau yake, ta ce a tambaye ka ko hanyar gida ce ta ɓace maka. Na je Jajaye ran Talata na tarar da Kawu Sulle yana sussukar dawa da kansa. Tsohon naka ya fi ka ƙarfi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ruwan dam ya iso mu. Fadamar da muke rake da tumatir a cikinta ta tafi gaba ɗaya, kan giginya kawai ake hange. Ni da sauƙi, ina da gonar tudu. Akwai waɗanda duk abin da suka gada a fadama yake, irin su Mijinyawa, abokina na tun yarinta, wanda ya yi mini babban aboki a bikina da Ramatu. Mutum tara yake ciyarwa, ba shi da ko kunya ɗaya a tudu.

To, ruwa ya zo da kifi, manoma kuma sun koma masunta rana ɗaya. Da ka gan mu da ka yi dariya har ka faɗi. Wani da kwando, wani da zanin matarsa, mafi yawa da gidan sauro. Abin da suke kwasowa 'ya'yan kifi ne, wasu ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, a shanya su a tabarma a daka a zuba a miya. Ni ban san ruwa ba, amma na san noma, kuma abin nan ya yi mini kama da mutum ya dafa irin shukarsa. Na faɗi haka a ƙofar dagaci, bakina ya ja mini. Dagaci ya ce tunda ni na hango, kuma ni ne mai ɗan'uwa a babban ruwa, ni zan shugabanci masu su na ƙauyenmu, in kawo musu doka.

Ka ga inda sunanka ya kai ni. Don Allah ka ajiye tsiya gefe na rana ɗaya, ka rubuto mini yadda mutanen teku suke yi kifinsu bai ƙare ba. Ka ba Ƙasimu direban motar shanu amsar, shi ya kawo maka wannan. Kada ka daɗe, kullum sai an tare ni a hanya an tambaye ni.

Naka,
Falalu

Legas, 9 ga Janairu, 1993

Zuwa ga Sarkin Ruwan Kwando, Falalu ɗan gwaggona.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji lafiyar kowa, na gode wa Allah. Ka gaishe da Gwaggo, ka ce mata hanya tana nan, aiki ne ya riƙe ni. Ni lafiya ƙalau, sai dai gumin garin nan da ba ya bushewa a jiki. Na yi baƙin cikin fadama ƙwarai. A nan na fara shan rake na sata, kuma kai ka tona ni.

Wai kai ne shugaban masunta. Kai da ko rafi za mu tsallaka sai ka riƙe mini riga. Amma ka zo wurin da ya dace, don ni yanzu duk kifin da ya hau jirginmu sai ya bi ta hannuna.

Bari in ba ka labari. Jirgin na wani kulob ne na masu hali, Turawa da Kwarori da wasu manyan 'yan kasuwa. Ran Asabar da Lahadi mukan fita da su can inda ba a ganin ƙasa, ruwan gishiri ne zalla, ko alwala ka yi sai idonka ya yi ja. Da fatsa suke kamu, sanda mai ƙugiya da zare mai naɗewa. Akwai wani kifi mai dogon baki da haƙora kamar zarto, nan kuta suke ce masa, shi suka fi nema. Mutum zai yi awa guda yana kokawa da shi, ya jawo shi, a ɗauke su hoto tare, ya yi ta murna.

Dokokin kulob ɗin uku ne, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Na farko, akwai watannin da ba a fita sam, lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Na biyu, mutum ɗaya ba ya tafiya gida da fiye da biyu, ko ya kama goma. Na uku shi ne aikina. Akwai ma'auni na tagulla da aka kafe a gefen jirgi. Kifi na hawowa zan kwantar da shi a kai, in bai kai ba in cire ƙugiya a hankali in mayar da shi ruwa. Na taɓa mayar da na wani babban mutum yana ta huci, shugaban jirgi ya ce ni ke da gaskiya.

Ga zare nan a cikin ambulan, na yanka shi daidai da ma'auninmu, kamu ɗaya da taƙi. Ka riƙe shi da kyau, ilimin teku ne, ba a ba baƙauye irinka kyauta, albarkacin Gwaggo ka ci.

Ubangidanka,
Lurwanu

Karaye, 2 ga Afrilu, 1993

Lurwanu,

Sallama da gaisuwa, da barka da shan ruwa, ko da yake ta wuce. Mun yi salla lafiya. Ramatu ta sauka ran sha biyu ga azumi, mace, an sa mata Zinariya. Inna ta ce hancinka ne da ita, na ce Allah ya kiyaye.

Takardarka ta iso, na karanta ta a ƙofar dagaci gaban kowa, ban da inda ka zage ni. Sannan na zaro zaren. Malam Abdulsalami limaminmu ya karɓa ya duba, ya ce ɓarna a ruwa da ɓarna a tudu duk haramun ne, kuma tunda masana sun yi awo, bin su ya fi. Dagaci ya tambaye ni ko na tsaya wa wannan zare. Na ce ɗan kawuna ne ya aiko shi da hannunsa daga bakin aikinsa, na tsaya masa da mutuncina. Nan take kowane mai su ya yanki nasa daidai tsawon naka, yanzu duk wanda ka gani a bakin ruwa da zare a wuya ko a kugu. An hana gidan sauro. An yarda wanda ya karya doka a yi masa kashedi, in ya sake a karɓe kifin, in ya yi na uku a yanka kayan kamunsa a bainar jama'a. Damina in ta kankama za a rufe ruwa wata biyu.

Dokar biyu-biyu kam ba ta ba mu wahala ba, don har yau ba wanda ya kama ɗaya. Wata biyu ke nan muna shiga ruwa, mu jefa, mu jawo, mu gwada, mu mayar. Karfasarmu duk wadanni ne, babbar cikinsu da ƙyar take kai rabin zaren. Tarwaɗa ɗaya ce ta kusa, saura yatsa huɗu, mutum biyar suka taru suna jan wutsiyarta ko za ta miƙe. Kifin ma sun gane mu, ina jin har gaisawa suke da Mijinyawa in ya mayar da su.

Ina dariya, amma mutane sun fara yi mini wani irin kallo. Ka gaya mini, wata nawa kifi yake yi kafin ya kai zaren? In na san adadin zan iya ba su haƙuri.

Falalu

Legas, 15 ga Mayu, 1993

Falalu angon ƙarni,

Barka da arziki, Allah ya raya Zinariya, ya sa ta biyo ni a hanci da hankali. Ka gaishe da mai jego. Ina lafiya, ina rubutu a gurguje don Ƙasimu ya riga ya tayar da mota.

Takardarka ta kashe ni da dariya, har na karanta wa 'yan ɗakinmu. Mutum biyar a kan wutsiyar tarwaɗa! Ashe har yanzu bakin nan naka bai mutu ba. To ai kifinku ma ƙauyawa ne irinku, ba su waye ba, shi ya sa ba sa tsawo. Ku ci gaba da mayar da su, kada ku sassauta ko da yatsa ɗaya, ku riƙa yi musu nasiha. In damina biyu ta wuce ba su kai ba, ka aiko mini su nan su ga yadda 'yan'uwansu suke. Shugaba ba ya jin tsoron kallo.

Garin nan ba maganar da ake sai ta zaɓe. In an gama lafiya ina sa ran zuwa kafin kaka.

Lurwanu

Karaye, 27 ga Yuni, 1993

Lurwanu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, jaririya tana ƙiba, shuka ta tsiro. Muna jin abin da ke faruwa a wajenku a rediyo, Inna ba ta barin a kashe shi. Allah ya tsare ku.

Na ga amsarka. Na cire tsiyar na ɗauki maganar: damina biyu, kuma kada a sassauta ko yatsa ɗaya. Haka na gaya wa jama'a. Wasu sun jingine kayansu sun koma gona, masu gonar ke nan. Ina so ka san abin da wannan magana ta sa na yi, don ban da wanda zan gaya wa.

Mijinyawa ya saƙa birgi da hannunsa, wato ragar da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa. Wata uku ya yi yana saƙa ta a zaurena muna hira, ni nake riƙe masa bakin zare. Tun watan jiya aka kawo mini ƙararsa cewa yana kai ƙananan kifi gida. Na same shi mu biyu na yi masa kashedi, ya ce to. Aka sake kama shi, na karɓe kifin na zuba a ruwa, rabinsu sun riga sun mutu, suna ta yawo ciki sama. A ranar na aika Ramatu da kwanon gero gidansa, matarsa Yelwa ta dawo da shi, ta ce sun gode, ba su fara bara ba.

Shekaranjiya da hantsi na uku ya faru. Kwandon ƙananan kifi aka kama shi da shi ya rufe da ganyen rogo, mutum ya fi ashirin a wurin. Duk ni kawai suke kallo. Na san abin da ke ransu: ga abokinsa, bari mu gani. Akwai mutum biyu da na riga na karɓe wa kifi a cikinsu. Na ce a shimfiɗa birgin. Mijinyawa bai roƙe ni ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Falalu, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin kifin da ya kai zaren nan a ruwan nan?”

Na ce, “Ɗan'uwana ya gani, kuma ya ce a jira.”

Na sa wuƙata na yanka ta gida huɗu. Ya durƙusa ya tsince darmar da ke bakinta ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu ya tafi. Dagaci ya aiko yana yaba mini, liman ya ce na yi adalci.

Na san doka ce, kuma don 'ya'yanmu ake yi, har da nasa. Amma ka sake rubuto mini a fili, ba da wasa ba, cewa kifin nan za su kai. Ina so in kai masa takardar ya gani da idonsa.

Falalu

Karaye, 12 ga Satumba, 1993

Lurwanu,

Sallama. Wata biyu da rabi ba amsa. Ƙasimu ya ce ya bar takardata wurin mai shayin unguwarku, daga nan bai sake komawa ba, motocin shanu sun daina shiga saboda rikicin. Mutanen Rogo da na Karaye suna ta dawowa da kayansu a ka, kowace mota ta tsaya sai na je na duba fuskoki. Wani ya ce ya gan ka, wani ya ce unguwarku ba kowa. Kawu Sulle ya zo nan da kansa a kan keke yana tambaya. In kana raye ka aiko ko da layi ɗaya ne. Wannan zan ba wani ɗan goro da ya ce zai gwada shiga.

Mijinyawa ya tashi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Beli wurin surukansa, an ce ƙodago yake yi a gonakin mutane. Bai yi mini sallama ba. Da safe na bi ta ƙofar gidansa na ga an toshe ta da ƙaya.

Ga wani abu kuma da ya hana ni sukuni. Da aka buɗe ruwa bayan wata biyun, wasu masunta Kabawa sun sauka a ƙetarenmu, su gadonsu ne. Wani dattijo a cikinsu ya ga zare a wuyana ya tambaye ni ko laya ce. Na yi masa bayani. Ya karɓa ya gwada a hannunsa, ya dube ni, ya ce shekararsa hamsin a ruwa, karfasa ko ta shekara goma ba ta kai wannan, halittarta ke nan. Ya ce rufe ruwa da damina daidai ne, hana gidan sauro daidai ne, amma wanda ya ba ni zaren nan ko dai bai san karfasa ba ko wasa yake mini. Na ce masa mutumin teku ne. Ya ce to shi bai san teku ba.

Ban gaya wa kowa ba. Ina fita bakin ruwa, ina gwada kifin mutane, ina mayarwa. Lurwanu, wa zan gaskata? In dattijon nan ne mai gaskiya, to me na yi wa Mijinyawa?

Falalu

Legas, 7 ga Nuwamba, 1993

Yaya Falalu,

Wa alaikumus salam. Ina raye, lafiyata ƙalau, ka fara gaya wa Baba da Gwaggo wannan. Lokacin rikicin shugaban jirgi ya ɓoye mu mu uku a wani tsibiri inda ake gyaran jirage, ba shiga ba fita. Jiya na koma unguwa, mai shayi ya miƙo mini takardunka biyu a tare. Na karanta su a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna.

Dattijon nan shi ne mai gaskiya. Zaren na kuta ne, kifin teku, wanda ƙaraminsa ya fi babbar karfasa tsawo. Kowane irin kifi da nasa awon, a jirgin ma akwai wasu layuka a jikin tagullar, ni babban na zaɓa don in burge ka. Ban taɓa tunanin za ka ɗora shi a kan kifin dam ba. Da ka rubuto cewa kowa ya rataya zare a wuya, wallahi na ɗauka tsiya kake mini, kana nuna ka gane cika bakina, irin yadda muka saba tun muna yara. Shi ya sa na mayar maka da wasa. Damina biyun nan daga kaina na ƙago ta, ina dariya ina rubutawa. Ka tambaye ni a fili, na karanta, ban ji ka ba.

Tunda na fara bari in ƙarasa. Ni ba masanin ruwa ba ne. Wanke jirgi nake yi, in sa tsutsa da yankan kifi a ƙugiya, in ɗauko wa mutane ruwan sanyi. Awon ma an ba ni ne don ba ya buƙatar ilimi. Shekara uku ke nan, har yau in igiyar ruwa ta tashi sai na yi amai. Mutanen da nake wa aiki kuma a ƙoshe suke fita, in sun mayar da kifi ruwa ba abin da ya ragu a tukunyarsu. Ban yi wannan lissafin ba da na aiko maka dokarsu.

Na san Mijinyawa, ya sha goya ni in mun dawo daga fadama. Ban san da wane ido zan dube shi ba, ko kai. Ka yi yadda ka ga dama da takardar nan. In ka karanta ta a ƙofar dagaci ban ce ka yi laifi ba, ka ce laifin nawa ne, don nawa ne. In kuma za ka rage zaren a hankali ba tare da an ji dalili ba, don ka tsira da mutuncinka, ba wanda zai ji daga bakina. Ka yafe mini don Allah.

Ƙaninka,
Lurwanu

Karaye, 19 ga Disamba, 1993

Lurwanu,

Assalamu alaikum. Mun gode wa Allah da ya tsare ka. Inna ta yi kuka ta yi dariya, Kawu ya yanka zakara ya yi sadaka. Kowa lafiya, an gama girbi, gero ya yi kyau, gyaɗa ce ba ta yi ba.

Kwana uku takardarka tana aljihuna. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin hanya ta biyun da ka nuna mini, har na tsara yadda zan ce sabon awo ya zo daga teku. Abin da ya hana ni shi ne in na yi haka, Mijinyawa zai ci gaba da zama mai laifi a bakin mutane har ya mutu. Ran Juma'a da yamma na karanta ta a ƙofar dagaci daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko layi ba. Wasu sun yi dariya, wasu sun zage ni, kuma suna da gaskiya, wata goma na hana su cin halal ɗinsu. Na ce na ajiye shugabancin. Dagaci bai ce in tsaya ba. Yanzu dattijon Bakaben nan ne ke nuna musu, shi ba ya gwada kifi, idon raga yake gwadawa, in yatsa uku sun shiga to ƙananan za su fice da kansu. Kifi yana shiga gidaje.

Kai kuma ban riƙe ka ba. Ka yi wauta, amma ni ma ina da ido, wata da watanni ina ganin kifin nan a hannuna. Kuma ba kai ka riƙe wuƙar ba.

Na sa Kabawan sun saƙa mini sabuwar birgi, na ɗaure ta a bayan keke, shekaranjiya na tafi Beli. Duk hanya ina shirya yadda zan yi in ya zage ni ko ya ƙi fitowa, har ina fatan ya zage ni ɗin. Na same shi ya dawo daga roron gyaɗa a gonar wani, ya rame. Yana ganina ya yi mini maraba, ya shiga gida ya fito da sabuwar tabarma ya shimfiɗa mini a zaure, shi ya zauna a ƙasa. Ya sa aka kawo ruwa a kwanon baƙi mai murfi. Ya gaishe ni ya tambayi hanya, da iyali, da mai jego, da dagaci, da amfanin gona, bai bar komai ba. Mutumin da shekara arba'in in ya shigo gidana randa yake wucewa ya ɗebi ruwa da kansa, yana zagina don bai yi sanyi ba.

Na karanta masa takardarka. Na gaya masa na karanta ta gaban duk waɗanda suka ga an yanka birginsa, kuma kowa ya san yanzu shi ne mai gaskiya. Na ce ya yafe mini ya dawo gida, na kwance sabuwar na ajiye a gabansa. Ya shafa ta, ya duba saƙar, ya ce an yi aiki mai kyau. Sannan ya ce, “Na yafe maka duniya da lahira. Amma ka koma da ita, nan tudu ne, ba inda zan jefa.”

Na ce ai don ya dawo na kawo. Ya ce surukansa sun ba shi fili, ya riga ya fara ɗebo ƙasar gini.

Da zan tafi ya karɓi keken ya tura mini har bayan gari, yadda ake yi wa baƙon da ake ganin girmansa. A nan ya miƙo mini shi, ya ba ni hannu biyu, ya ce, “Allah ya kiyaye hanya, Malam Falalu. A gaida mutan gida.” Tunda uwata ta haife ni bai taɓa ce mini Malam ba. Na hau keken, ban iya tuƙawa ba, sai da na tura shi har na daina hango garin.

In za ka zo ka zo, Inna tana son ganinka.

Falalu